HABBATUS SAUDA, SHUWAKA DA ƁERAYEN ƊAKIN GWAJI: INA HUJJA TA TSAYA?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wata magana ta yawaita a bakin masu tallar magunguna, a gidajen rediyo da bakin kasuwanni da ƙofofin masallatai bayan an sallame Juma'a. Maganar ita ce wai masana kimiyya sun gwada, sun kuma tabbatar, cewa man habbatus sauda, ko ruwan shuwaka, ko garin zogale, yana kare ƙwaƙwalwa daga illar gashin da ake yi wa masu ciwon daji a asibiti. Wasu ma sukan wuce nan su ce wanda ya riƙi kwalbarsu ba ya bukatar gashin gaba ɗaya. Abin da ya sa wannan magana ta fi ƙarya tsagwaronta haɗari shi ne tana da asali, domin an yi binciken da gaske, an kuma buga shi a mujallun ilmi. Sai dai an yi shi ne a kan ɓeraye, kuma wannan kalma guda ita ce mai talla yake haɗiyewa in ya zo ba da labari.

Ya kamata mu fara sanin abin da ake nufi da gashi. Tun da Bajamushe Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a shekarar 1895, likitoci suka lura cewa akwai wasu haskoki da ido ba ya gani, masu ratsa jiki, waɗanda in an tsananta su sukan kashe ƙwayoyin halitta. Da irinsu ake gasa ciwon daji, ko dai daga na'ura mai aiki da lantarki, ko daga wani ƙarfe da ake kira kobal 60. Jikin ɗan Adam galibinsa ruwa ne. Idan hasken ya ratsa, sai ya farfasa ƙwayoyin ruwan nan su zama wasu ɓaraguzan sinadarai masu kaifi, waɗanda ba sa daɗewa sai sun afka wa abin da ke kusa da su, musamman kundin gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta, wanda ake kira DNA. Ƙwayar da kundinta ya yayyage ba ta iya hayayyafa, sai ta mutu. Wannan shi ne abin da likita yake nema a kan ƙwayar daji. Amma hasken ba shi da idon da zai bambance mai laifi da marar laifi, duk naman da ya bi ta cikinsa sai ya taɓa shi. (Kada a haɗa wannan da abin da ke fita daga wayar salula, wancan ba shi da ƙarfin farfasa ƙwayoyi irin haka, ko da yake masu talla sukan cakuɗa su don su faɗaɗa kasuwa.)

Ƙwaƙwalwa kuwa tana da rauni na musamman a nan. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jiki yake amfani da ita, ga ta kuma cike da kitse, shi kuwa kitse yana saurin lalacewa in ɓaraguzan nan suka same shi, kamar yadda man gyaɗa yake canja wari in ya daɗe a buɗe. A can cikinta akwai wani ɗan sashe da ake kira hifokamfus, wanda da shi mutum yake riƙe sabon abin da ya koya. A shekarun 2002 da 2003 wata mai bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, Michelle Monje, da abokan aikinta suka nuna cewa gashin kai yana kusan tsayar da samuwar sababbin ƙwayoyi a wannan sashe a jikin ɓeraye, kuma kumburin da ke biyo bayan gashin yana da hannu a ciki. Likitoci sun daɗe da ganin alamar haka a jikin mutane. Yaran da aka riƙa gasa wa kai saboda ciwon dajin jini a shekarun 1970 da yawansu sun rayu, amma daga baya aka ga karatu yana ba su wuya, har ta kai an rage yawan hasken, daga bisani aka daina yi wa mafi yawansu. Haka kuma likitoci suna iyakar ƙoƙarinsu kada su gasa kan yaron da bai kai shekara 3 ba. Saboda haka illar gaskiya ce, neman abin da zai rage ta kuma aiki ne na alheri wanda mai yin sa da kyakkyawar niyya yake fatan lada.

To, yaya ake gwajin? A kan samo ɓeraye farare da aka haifa aka rena a ɗakin bincike, a kasa su rukuni rukuni, sau da yawa shida zuwa goma a kowane rukuni. Wasu a bar su haka nan, wasu a haska su kawai, wasu kuma a ɗura musu ruwan ganye ko mai na wasu kwanaki sannan a haska su. Bayan sa'o'i ko 'yan kwanaki sai a kashe su, a ciro ƙwaƙwalwar, a auna yawan lalataccen kitse da ke ciki, da yawan sinadaran kariya da suka rage, a kuma duba yankan naman a madubin ƙara girma. Irin wannan aiki an yi shi da yawa a Masar da Turkiyya da Iran da Indiya. A shekarar 2014 masu bincike a birnin Gaziantep na Turkiyya suka buga sakamakon gwajin man habbatus sauda da sinadarin da ke cikinsa, taimokwinon, a kan ɓerayen da aka gasa wa kai, suka ga alamomin ɓarna sun ragu. A nan gida ma, a Jami'ar Ibadan, an buga a shekarar 2010 gwajin wani sinadari da aka tace daga namijin goro a kan ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka haska, sannan a 2011 aka buga na ganyen shuwaka, inda aka ga ƙaramar ƙwaƙwalwa ta bayan kai ba ta motse sosai ba a jikin ɓerayen da aka fara ba ruwan ganyen kafin haske.

Waɗannan masu bincike ba su yi wa kowa ƙarya ba. Sun ce ɓera suka gwada, sun faɗi abin da suka auna, kuma al'adar irin waɗannan rahotanni ce a rufe su da cewa ana bukatar ƙarin bincike. Laifin yana wuyan wanda ya ɗauki maganarsu ya yanke mata kai da ƙafa.

Ɗalibin hadisi ya fi kowa cancantar gane inda matsalar take. Mun koya a wajen malamanmu cewa ba a karɓar labari don kawai mutumin da ke farkon isnadi amintacce ne. Wajibi ne silsilar ta sadu tun daga farko har ƙarshe, in aka sami gurbi guda a tsakiya sai a ce hadisin munƙaɗi'i ne, ba a kafa hukunci da shi ko da lafazinsa ya yi daɗi. Tsakanin ɓeran Gaziantep da majinyacin da ke kwance a Shika ko Sakkwato akwai gurabe da dama da ba a cike ba. Ɓeran lafiyayye ne, ba shi da daji a kansa. Galibi sau ɗaya ake haska shi, alhali mai ƙari a ƙwaƙwalwa akan raba masa gashin ne kashi talatin cikin mako shida, ko kashi goma cikin mako biyu in dukan kan za a gasa. Shi ɓera ana duba shi bayan kwanaki kaɗan, ita kuwa mantuwa da raunin tunani da ake jin tsoro a kan mutum sukan bayyana bayan watanni, wani lokaci shekaru. Abin da aka auna a jikinsa adadin wani sinadari ne a cikin niƙaƙƙen nama, alhali abin da iyalin majinyaci suke tambaya shi ne ko mahaifinsu zai riƙa tuna raka'a nawa ya yi, ko zai gane hanyar gida. Sannan abin da aka ɗura wa ɓeran tatacce ne, an san nauyinsa daidai da nauyin jikinsa, wani lokaci ma allura aka yi masa a ciki. Abin da ke cikin kwalbar bakin kasuwa kuwa ba wanda ya auna shi, mai yiwuwa har shi mai haɗawar. Malaman usulu suna da suna ga irin wannan: ƙiyasi tare da bambanci, kuma sun ce ɓatacce ne.

Wannan ƙa'ida ba Turawa suka fara faɗinta ba. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekarar 428 bayan Hijira (1037), ya jera sharuɗɗa bakwai na gwada ƙarfin magani a littafi na biyu na Al-Ƙanun, na ƙarshensu shi ne a yi gwajin a jikin mutum, domin abin da magani ya yi a jikin zaki ko doki ba lalle ne ya yi shi a jikin ɗan Adam ba. Kafin shi Abubakar Ar-Razi ya ba da labarin yadda ya yi wa wasu masu alamun ciwon kumburin ƙwaƙwalwa tsagar jini ya bar wasu da gangan bai yi musu ba, don ya kwatanta. Ba mu tare da waɗannan mutane biyu a aƙidarsu, malaman Sunna sun yi musu raddi mai tsanani a kan falsafarsu, amma gaskiya ana karɓarta daga bakin wanda ya faɗe ta, kuma a wannan babi sun faɗi gaskiya. Abin kunya ne a ce shekara dubu bayansu jikokinsu ne ake ruɗa da labarin ɓera.

Tarihin likitanci na kusa ya gaskata su. A shekarar 2006 wasu masana suka ƙirga magunguna 1,026 da aka gwada don kare ƙwaƙwalwa daga shanyewar ɓarin jiki, mafi yawansu a kan dabbobi, da yawa kuma sun nuna amfani a can. Wanda aka fi sa wa rai a cikinsu, mai lamba NXY-059, aikinsa shi ne kama ɓaraguzan nan masu kaifi, wato irin aikin da ake danganta wa ganyayen da muke magana a kai. Ya yi aiki a ɓera, ya yi a biri. Da aka gwada shi a kan mutane fiye da 3,000 aka buga sakamakon a 2007, bai fi ruwan banza da komai ba. A dunƙule, cikin magunguna goma da suka tsallake gwajin dabbobi suka shiga gwajin mutane, kusan tara ba sa kaiwa ga a yarda da su. Rundunar sojan Amurka kanta, saboda tsoron yaƙin nukiliya, ta tace sinadarai fiye da 4,000 tun daga ƙarshen shekarun 1950 tana neman mai kare jiki daga haske. Wanda ya fito daga ciki ya shiga asibiti, amifostin, an amince da shi a 1999 don rage bushewar baki ga waɗanda aka gasa wa wuya da kai, amma ba ya kare ƙwaƙwalwa, domin Allah Ya sanya wani shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda ba kowane magani yake ƙetare shi ba.

Da a ce iyakar abin da zai faru shi ne mutum ya yi asarar kuɗin kwalba, da ba mu tsawaita ba. Akwai abin da ya fi haka. Ka tuna, ya ɗan'uwa, cewa ɓaraguzan nan masu ɓarna su ne makamin da likita yake kashe dajin da su. To, in har wani sinadari yana da ƙarfin kashe kaifinsu a cikin lafiyayyen nama, wa ya ba mu tabbacin cewa ba zai yi wa ƙwayar dajin garkuwa ita ma ba? Gwajin lafiyayyen ɓera ba zai taɓa amsa wannan ba, tun da babu daji a jikinsa. An kuwa gwada a kan mutane da wani abu makamancin haka. A lardin Kebek na ƙasar Kanada an ɗauki majinyata 540 masu dajin wuya da kai waɗanda ake yi wa gashi, aka ba rabinsu bitamin E mai yawa kullum, wanda shi ma mai kashe kaifin ɓaraguzan ne, aka ba rabi ƙwayar da ba komai a cikinta. Sakamakon da ya fito a 2005 da 2006 ya nuna dajin ya fi dawowa, mutuwa kuma ta fi yawa, a cikin waɗanda suka sha bitamin ɗin, daga baya aka gano abin ya fi tsanani ga masu shan taba a lokacin gashin. Tun kafin nan, a 1994, gwajin da aka yi a ƙasar Finlan a kan maza mashaya taba fiye da 29,000 ya nuna cewa ƙwayar sinadarin da ke sa karas ya yi ja, wadda kowa ya zaci rigakafi ce, ta ƙara yawan dajin huhu da kashi 18 cikin 100. Ba muna cewa an tabbatar habbatus sauda ko shuwaka suna yin haka ba. Muna cewa wanda ya rantse ba sa yi, ya rantse a kan abin da ba a gwada ba.

Shi kuwa wanda aka ce masa ya bar asibiti gaba ɗaya, hukuncin mai ba shi shawarar ya fi nauyi. Masu bincike a Jami'ar Yale sun bi bayanan majinyata 281 a Amurka waɗanda suka zaɓi magungunan gargajiya kaɗai suka ƙi na asibiti, suka kwatanta su da 560 da suka karɓi na asibiti, aka buga a 2018: haɗarin mutuwar rukunin farko ya ninka na biyu sau biyu da rabi. A ƙasarmu, inda wuraren gashi ba su da yawa, mutum yakan yi tafiya mai nisa ya bi layi na makonni, ga tsada, zuciya a shirye take ta karɓi duk wanda ya ce akwai hanya mai sauƙi. Wata uku da aka ɓata ana shan jiƙo su ne sukan raba ƙarin da ake iya magancewa da wanda ya riga ya bazu.

Na san abin da wani ɗan'uwa mai kishin Sunna zai ce: ashe ba hadisi ya inganta a kan habbatus sauda ba? Ƙwarai ya inganta. Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abu Huraira (R.A.), Bukhari kuma ya ruwaito daga Nana A'isha (R.A.), ma'anarsa cewa akwai waraka a cikinta daga kowace cuta in ban da mutuwa. Mun yi imani da shi, kuma mun yi imani da shi tun kafin a haska ɓera ko guda. Nan ne ma nake ganin kuskuren masu cewa kimiyya ta tabbatar da hadisi. Wanda ya jingina gaskiyar maganar Annabi (S.A.W.) a kan rahoton ɗakin gwaji, me zai ce ranar da wani rahoton ya fito da akasin haka? Ya ɗora abin da yake tabbatacce a kan abin da yake jujjuyawa, ya kuma buɗe wa masu shakka ƙofa da hannunsa.

Sannan mu dubi yadda magabata suka fahimci hadisin, domin da'awarmu ita ce bin Alƙur'ani da Sunna bisa fahimtarsu. Al-Hafiz Ibnu Hajar a cikin Fathul Bari ya kawo cewa Al-Khaɗɗabi yana ganin lafazin gamamme ne da ake nufin keɓantacce da shi, ya kuma kawo cewa Ibnu Abi Jamra ya ƙi wannan taƙaitawa ya bar lafazin a kan gamewarsa. Amma ko a kan fahimtar gamewa, Ibnu Hajar ya bayyana cewa ba a nufin a yi amfani da ita tsurarta ta hanya guda ga kowace cuta: wani lokaci ita kaɗai, wani lokaci a haɗe da wani abu, a ci, ko a sha, ko a shaƙa, ko a shafa. A cikin ruwayar Nana A'isha ma, Ibnu Abi Atiƙ da ya je duba Galib ɗan Abjar, ƙwaya biyar ko bakwai ya ce a daka a haɗa da mai a ɗiga a hanci, wato akwai adadi, akwai kuma hanya. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad, da yake sharhin hadisin mutumin da aka yi ta umurta ya ƙara ba ɗan'uwansa zuma, ya ciro faidar cewa wajibi ne gwargwadon magani ya dace da gwargwadon cuta, in ya gaza ba ya kawar da ita, in ya wuce sai ya haifar da wata. Hadisin Jabir (R.A.) da ke cikin Muslim ya rataya waraka ne a kan dacewar magani da cutar, da iznin Allah. Hadisin Ibnu Mas'ud (R.A.) a Musnadin Ahmad kuma ya nuna cewa maganin akwai wanda ya san shi akwai wanda ya jahilce shi. To, wane adadi ne na habbatus sauda, ta wace hanya, a wane lokaci, ya dace da mai ƙari a ƙwaƙwalwa da ake cikin gasa shi? Nassi bai faɗa ba, ya bar shi ga bincike. Duk wanda ya cike wannan gurbi da son ransa ya ce Annabi ne ya faɗa, to, ya ji tsoron narkon da ya zo a kan jingina wa Manzon Allah (S.A.W.) abin da bai faɗa ba. Shuwaka da zogale da namijin goro kuwa ko nassi babu a kansu, lafazin “Islamiyya” da ake liƙa wa kwalbarsu ado ne na kasuwa.

Shi kansa Annabi (S.A.W.) bai taƙaita jinya a kan abu guda ba. Muslim ya ruwaito cewa ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'ab (R.A.) likita, ya yanke masa wata jijiya ya yi masa lalas, kuma shi da kansa ya yi wa Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A.) lalas a raunin da ya samu ranar Khandaƙ, alhali ya bayyana cewa ba ya son ƙuna da wuta. Ga magani mai zafi, mai barin tabo, wanda ba a so, amma aka yi shi da lalura ta kama. Ban ga abin da ya fi wannan kama da gashin asibiti ba.

Akwai kuma hukuncin lamuni. Abu Dawud da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ke ɗora wa wanda ya shiga aikin likitanci, ba a san shi da shi ba, alhakin abin da ya lalata. Malaman fiƙihu sun gina babi a kan wannan. Mai tallar da ya ce wa majinyaci ya bar gashi, majinyacin ya bari ya rasu, kada ya zaci cewa “kwana ne ya ƙare” za ta wanke shi. Wanda kuma ya san gwajin a kan ɓera aka yi ya ɓoye, ya shiga cikin algus, daidai da mai tsibin abincin nan da ya sa jiƙaƙƙen a ƙasa busasshen a sama. Lambar NAFDAC da ake ɗaga wa mutane ma a lura da ita: rajistar farko da hukumar take ba magungunan gargajiya ta shafi rashin cutarwa ne, shi ya sa ake rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Da Turanci ake rubutawa, da ƙananan baƙaƙe, mai saye kuwa sau da yawa ba ya karantawa.

Kada wani ya fahimci cewa muna rena tsirrai ko muna rena gwajin dabbobi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha yau daga wani nau'in tazargade aka samo shi. Wata mata 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta sami ishara a wani tsohon littafin likitancinsu na ƙarni na 4, ta tace ganyen ba tare da tafasawa ba, ya yi aiki a ɓeraye da birai a 1971. Ba ta zuba shi a kwalba ta nufi kasuwa ba. Ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu a 1972 don a ga ko yana cutarwa, sannan aka gwada a kan majinyata, aka ware sinadarin, aka san adadinsa. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Wani fure kuma na tsibirin Madagaska an san shi a gargajiyance da maganin ciwon sukari. Da masu bincike a Kanada suka gwada shi a shekarun 1950 ba su ga ya sauke sukari ba, sai suka ga yana karya fararen ƙwayoyin jinin ɓeraye. Daga nan aka samo magungunan daji guda biyu, ɗayansu, binkiristin, har yau ana ba yara masu dajin jini da wasu masu ƙarin ƙwaƙwalwa. Dubi yadda gwaji ya ƙaryata abin da aka gada ya kuma tono abin da ba wanda ya zata. A Abuja ma, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa ta ɗauki wani haɗin gargajiya na ciwon sikila, mai ɗauke da masoro da kanumfari, ta kai shi har gwaji a kan majinyata, aka buga sakamakon a 2001 da sunan Niprisan. Ashe ana iyawa a nan.

Abin da ya ɗan rage illar gashi a ƙwaƙwalwar mutane zuwa yanzu ma ta wannan doguwar hanya ya biyo. An gwada wani maganin mantuwa, memantin, a kan majinyata fiye da 500 aka buga a 2013, aka ga yana jinkirta raunin tunani kaɗan. Sannan, bisa abin da aka koya daga ɓeraye game da hifokamfus, aka tsara na'ura ta riƙa kauce wa wannan sashe, aka gwada a kan majinyata 518, sakamakon 2020 ya nuna tunaninsu ya fi tsira. Kusan shekara ashirin ke nan tsakanin ɓeran Stanford da gadon asibiti.

Saboda haka kirana ga ƙungiyarmu, wadda Allah Ya hore wa masallatai da makarantu da 'yan agaji da kwamitocin lafiya, shi ne kada a bar lasifikar masallaci ta zama wurin tallar abin da ba a tabbatar ba, domin jama'a suna ɗaukar duk abin da aka faɗa a harabar masallacin Sunna a matsayin abin da malamai suka tace. Mun yaƙi masu laya da masu duba saboda suna cin dukiyar mutane da ƙarya da sunan addini. Ba daidai ba ne mu kau da kai in mai yin haka ya zo da gemu da ɗangalallen wando da kwalba mai rubutun Larabci. Mawadatanmu da suke gasar gina masallaci a unguwar da take da uku, da za su ware wani abu su ɗauki nauyin gwada man habbatus sauda a kan majinyata a asibitocin koyarwa na Zariya ko Kano ko Sakkwato, a ƙarƙashin likitocin daji, da yardar majinyatan, a kuma bayyana sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba, da sun yi wa Sunna hidimar da mai talla bai taɓa yi mata ba. Neman irin wannan ilmi farilla ce ta kifaya, kuma har yanzu ba a sauke ta ba.

Shi kuwa majinyacin da ake yi wa gashi, ko mai jinyarsa, ya ci miyar shuwakarsa da kwaɗon zogalensa a matsayin abinci, ya riƙi addu'a da ruƙya ta shari'a, kada ya tsallake ko rana guda daga ranakun da aka yanka masa. In yana shan wani mai ko jiƙo ko ƙwayoyin ƙarin kuzari, ya ɗauki kwalbar ya kai wa likitan da ke duba shi ya nuna masa kafin zama na gaba, ya faɗi adadin da yake sha ba tare da jin kunya ba, in likitan ya ce a dakata har a gama gashin, to, a dakata. Wallahu a'alamu.